Neman kalma: me za mu ce wa offshore wind farm?

Jama'a a taimaka. Ina rubuta wa ɗalibai bayani kan yadda ake gina offshore wind farm, wato irin ta Lambar Rimi a jihar Katsina mai fanka 37 ɗin nan da ke samar da wutar lantarki daga iska, amma ita a cikin teku ake kafa ta. Denmak ta fara a Vindeby 1991 da guda 11 kacal, yanzu Hornsea 2 ta Ingila guda 165 ce, megawat sama da 1,300, tamu ta Rimi kuwa megawat 10 aka tsara. Na rubuta "gonar iska" sai na tsaya.

Ɗan Rimi: Malam rufa mana asiri, gonar iska kuma? Ai yara sai su ce ta 'yan iska ce. Mu nan hwanka muke cewa tun da aka kafa su, kowa ya gane.

'Yar Daura: Yaya fanka dai wuta take sha ta ba da iska, wannan ko iska take sha ta ba da wuta. Ni farfela ta fi kwanta min. Kuma a bar gona, ba shuka ake ba, tasha ce kamar ta Kainji.

Wani injiniya: Tasha daidai ne, don ba fankokin kaɗai ba ne, akwai ƙaton bututun ƙarfe da jirgin ruwa ke dasawa a ƙasan teku da guduma mai aiki da inji, sai a ɗora hasumiya a kai sannan fukafukai uku, ga kebul a binne ƙarƙashin ruwa yana kai wutar wajen taransifoma, ita ma a ruwan take, daga nan zuwa tudu. Bututun nan ni turke nake ce masa. Sannan don Allah kar a rubuta bakin teku, Hornsea 2 kusan kilomita 89 take daga gaɓa.

Ɗan Rimi: Turke kam ya zauna wallahi.

Malam: To na gode. Zan rubuta tashar wutar iska ta cikin teku, ta Rimi kuma ta tudu. Turke na ɗauka. Ƙanwata ki yi haƙuri da farfela, ta jirgi ce, fanka ta riga ta kama bakin mutane.

'Yar Daura: To Malam, amma ni ban yarda ba har yanzu.