Neman shawara: kwalar tattara da ƙananan kayan matan Landan na wajen 1590

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo za ta nuna rayuwar Landan a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wajen shekarar 1590, kuma ni aka ɗora wa shirya kayan mata biyu: matar wani ɗan kasuwa mai rufin asiri da 'yar aikinta. Riguna an gama ɗinka su. Saura ƙananan kaya, musamman farar kwalar nan mai tattara da ke zagaye wuya. An gwada yin ta da yadin net, ta ƙi tsayawa. Wane yadi ya dace, kuma yadi nawa? Me za su sa a ka, me za su ɗaura a ƙugu? A watan Agusta za a yi wasan.

Malam Isiyaku Tela: Wa'alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Ajiye net ɗin nan. Duk yadin da ke da roba a ciki ba ya shan sitaci, kuma zafi na narkar da shi. Mutanen wancan zamani da farin lilin mara kauri suke yin ta. In bai samu ba, nemi farin yadin auduga zalla mai laushi, ki wanke ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, don yana tsukewa.

Kwalar kashi biyu ce: maɗaurin wuya da dogon ƙyallen da ake tattarawa. Auna wuyan mai sawa ki ƙara rabin inci, tsayin maɗaurin inci 1 da rabi bayan an ninka shi biyu. Ga wuya mai inci 15, kwala mai faɗin inci 3 za ta ci ƙyalle mai tsawon kusan yadi 4. Kada wannan ya tsorata ki, faɗinsa inci 3 da rabi ne kawai, don haka yadi ɗaya na shago ya isa ki yanka sala-sala ki haɗa. Zaro zare ɗaya ki bi layinsa wajen yanka. In yankan ya karkace, kwalar za ta murɗe komai ƙoƙarin mai guga. Ki kalmashe bakin waje siriri sosai. A bakin ciki ki yi layi uku na ɗinkin hannu da zare mai ƙwari wanda aka goga wa kakin zuma, allura tana shiga wuri ɗaya a duk layukan, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ja zarurrukan tare har ƙyallen ya dawo daidai tsawon maɗaurin, sannan ki kama kowace tattara da maɗaurin, sama da ƙasa. Tattarar keke ba ta yi, tana kwantar da ninkin, alhali so ake ya tsaya a tsaye. A ƙarshe ki sa siraran igiyoyi biyu na ɗaurewa a gaba.

Anti Rabi: Ƙanwata, ɗinki rabin aiki ne, sitaci ke ba ta siffa. Shi ya sa kwalar ta bunƙasa a Ingila bayan 1564, lokacin da wata mata daga yankin Flanders, Dinghen van den Plasse, ta zo Landan tana koya wa mata sa sitaci ana biyanta. Na alkama suka fi amfani da shi, amma na rogo zai yi miki. Dama babban cokali 4 a rabin litar ruwan sanyi, ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kaurin koko ya ɗan yi garai-garai. In ya huce, cusa shi cikin ƙyallen da yatsu, ki tabbatar ya kai gindin tattarar, amma kada ki bari ya taɓa maɗaurin, zai goge wa yarinya wuya. Shanya ta ta bushe ƙarau, kina buɗe ninkin lokaci-lokaci don kada su manne.

Daga nan sai ɗan yayyafin ruwa, ki naɗe ta a tawul kamar awa ɗaya. Yi alama a bakin waje duk bayan inci 3, ki haɗa alamun da fil ɗaya sama ɗaya ƙasa, har bakin ya fito kamar an jera lamba 8. Mutanen wancan zamani sandar ƙarfe da aka gasa a garwashi suke zura wa kowane rami. Ke ki yi da ƙarfen naɗe gashi na lantarki, siriri. Gwada zafinsa a kan guntun ƙyalle tukuna. In ya yi yawa sitaci zai ƙone ya bar tabo ruwan ƙasa, in ƙyallen ya jiƙe da yawa zai manne wa ƙarfen. Kuma ki bar ta fara. Sitaci mai launin rawaya yayin zamanin Sarki James ne, bayan 1603.

Usman: Anti Rabi, a gafarce ni, amma Agusta fa aka ce. Danshin damina da zufar fitilun dandali za su kwantar da sitaci kafin a kai rabin wasa. Ni shawarata a zura igiyar kamun kifi mai kauri cikin kalmasar bakin waje, a ɗinke mahaɗar kowace lamba 8. 'Yan kallo daga nesa ba za su gane ba.

Anti Rabi: Maganarka a kan danshi gaskiya ce, Usman. Sai dai igiyar roba tana sa baki ya yi ta rawa, cikin kwalar kuma ya lotsa. In za a yi haka, a haɗa da sitacin. Abin da ya fi shi ne kwala biyu, a ajiye su cikin kwali mai murfi, a ɗaura ana gab da fita, a kuma sa riga ta ciki mai tsayayyen wuya don zufa ta tsaya a can.

Malama Zainab: Hauwa'u, ki fara raba matan nan biyu, don a farin ƙyalle ake gane matsayi. 'Yar aiki ba ta sa kwala mai inci 3. Ƙaramar tattara ta inci ɗaya a wuyan rigar ciki ta ishe ta, da ƙyallen lilin da take ɗaurawa a gaba daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa. Ba leshi. Uwargida kuma kada a kai ta fada: babbar kwala mai tallafin waya a baya ta matan fada ce, kuma dokar tufafi ta 1574 ta keɓe yadin zinariya ga matan manyan sarakai, ko da yake ba kowa ya bi dokar ba.

Dukansu za su rufe kai da ƙaramar farar hular lilin. Ana kitse gashi biyu, a naɗe kitson a bayan kai da zaren ƙyalle, sai igiyar hular ta zagaye wannan naɗin. In ba a yi haka ba hular za ta yi ta zamewa. Ta uwargida a yi mata ado da baƙin zaren siliki, furanni da ganye, a ɗora baƙar malafa mai dogon kai a sama. Ƙirji da kafaɗa kuma ɗan guntun mayafi ne mai wuya, ana ɗaure shi a ƙarƙashin hammata.

A ƙugu, siririn ɗamara, a rataye ƙaramar jakar kuɗi mai igiyar tsuke baki da makullan gida. Aljihun nan na daban da ake ɗaurawa ƙarƙashin siket sai tsakiyar ƙarni na 17 ya yaɗu, kada a kawo shi. In za ta riƙe mafici, na gashin tsuntsu mai mariƙi ya fi dacewa.

Malam Isiyaku Tela: Ƙari kaɗan. Kayan nan da fil ake haɗa su, na tagulla mai kai, ba zif ba, ba fil mai makulli ba. Tanadi kamar guda 30 ga kowace mace. Na ƙarfe yana tsatsa a jikin lilin mai danshi, tabon kuma yana da wuyar fita. Kama maɗaurin kwalar da wuyan rigar ciki a wuri huɗu: baya, gefe biyu, da gaba kusa da igiya, bakin fil yana kallon waje. Takalmi mara tsini, baƙi, da doguwar safa da aka ɗaure ƙasan gwiwa.

Hauwa'u: Allah ya saka da alheri. Zan yanka kwala biyu a makon nan. Malam Isiyaku, wuyan mai fitowa a uwargida inci 13 ne, in rage tsawon ƙyallen?

Malam Isiyaku Tela: Rage kwatan yadi kawai. Zagayen bakin waje ne ke cin ƙyalle, shi kuwa inci 2 kacal ya ragu.