Ƙanena ya sayar da keken ɗinki ya sayi jita, kuma Tinariwen ce sila

Telan Tawa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar kiɗa daga ciki.

Ni tela ne a Tawa. Tun rasuwar mahaifinmu ƙanena yake hannuna, yanzu shekararsa 22. Na koya masa ɗinki, na saya masa keke Butterfly na hannu, har ya fara samun masu kawo masa kayan sallah. Makon jiya na shigo shago da safe na tarar da gurbin keken wayam, sai sawun ƙafafunsa a ƙasa. Ashe sayarwa ya yi, ya sayo jita mai lantarki da wata 'yar sifika.

Tsakani da Allah ni na jawo. Wajen 2010, shekarar da Tinariwen, ƙungiyar makaɗan jita ta Abzinawan Mali, suka yi wasa a shagalin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, wani direban Arlit ya ba ni memori cike da waƙoƙinsu. Kullum su nake sawa a shago. Yaron yana ƙarƙashin tebur yana tsince ƙyallaye, ashe kunnensa na wurin. Ba ya jin Tamashek, yaren Abzinawa, ko kalma goma, amma ya haddace waƙoƙin kamar karatun allo.

Da na yi masa faɗa sai ya ce ai shi ma Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Na ce masa shi birki kaɗai ya cire, kai kuwa keken ɗungurungum ka kai kasuwa.

Inna ba ta sani ba tukuna. In ƙwace jitar ne, ko in zuba masa ido?

Mai Jitar Agadas:

Wa alaikumus salam, Malam tela. Na yi dariya, amma labarin ya taɓa ni, don ni raƙumar kawuna na kusa sayarwa.

Shekara goma sha biyar na yi ina kiɗan biki a Agadas, kuma ni ma kaset ɗin Tinariwen da na marigayi Abdallah Oumbadougou ne suka sa ni a hanyar. Abin da nake so ƙanenka ya gane shi ne mutanen nan ba neman suna ya sa su ɗaukar jita ba. Ibrahim yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a boren Abzinawa na 1963 a arewacin Mali. Ya tashi a gudun hijira a Aljeriya. Fari ya cinye dabbobin mutane, samari suka watsu Tamanrasset da Libiya neman abin yi, har ana kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. Wajen 1979 suka fara haɗuwa suna kiɗa, daga baya wasunsu suka shiga sansanin horon soja na Gaddafi. Babu shagon da ke sayar da waƙarsu a lokacin. Ka kawo kaset ɗin da babu komai a ciki, a naɗa maka, kai ma ka naɗa wa wani, haka ta ratsa hamada.

Kyautar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, da yaran yanzu suke gani a waya sai a 2012 ta zo musu. Lissafa da kanka, sama da shekara talatin ke nan.

Mu kuwa da ba mu je ko'ina ba, ga rayuwarmu. Ka ɗora sifika a bayan mota, ka je gidan biki bayan la'asar, janareto ya mutu ana tsakiyar rawa, mata su yi ta guɗa suna jiranka kana hura filogi. Tsirkiya ta tsinke, babu ta canji, ka ɗaura ta ka ci gaba. Wata uku ana biki kana cin nama, azumi ya zo ka rataye jitar a bango. Duk da haka da ita na yi aure, da ita na kewaye filina. Kuma duk abokan da nake da su yau, waɗanda za su tashi tsakar dare in na kira, a wurin kiɗan nan na same su.

Akwai haɗari ma a wani zamani. A tawayen 2007 a Nijar hukuma ta ɗauki jitar Abzinawa a matsayin alamar tawaye, makaɗin jita Bombino na nan Agadas sai da ya gudu Burkina Faso bayan an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. A 2012 kuma masu iƙirarin jihadi suka haramta kiɗa a arewacin Mali, Tinariwen kansu sai a Amurka suka naɗi faifansu na gaba.

Kada ka ƙwace. Kama hannunsa na hagu ka duba kan yatsun. In akwai kanta, ya daɗe yana koyo a ɓoye da jitar aro, kuma ƙwacewa ba za ta hana komai ba. In kuwa yatsun sumul suke, sha'awa ce, kafin damina zai nemi mai saye.

Baba na Maraɗi:

Ɗana, ni ban san waɗannan makaɗa ba, kuma ba maganar kiɗan ce ta dame ni ba. Yaro ya sayar da abin da ba da guminsa aka saya ba, bai nemi izini ba. A fara gyara wannan. Sannan a gaya masa gaskiya: a ƙasar Hausa har gobe akwai gidan da in aka ce makaɗi ne ya zo neman aure, sai a ce an riga an yi wa yarinya miji. Ya shiga da idonsa a buɗe. Kuma kada mahaifiyarku ta ji a bakin maƙwabta.

Direban Sakkwato:

Baba ya yi gaskiya kan batun izini. Amma Yaya tela, ka tuna makaɗin jitar nan Mdou Moctar ɗan jiharku ne, a Abalak ya tashi, kuma gidansu ma ba su so kiɗan ba. Shi ma da wayar keke ya haɗa tasa, ga shi bahago. A nan Sakkwato ya zo ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon muryar nan ta inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta bulutut da memori suka yaɗu daga waya zuwa waya har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin Sahara ya ji ya nemo shi. Yau ƙasashen Turawa yake zagayawa.

Ni ban iya kaɗa ko gwangwani ba, sauraro kawai nake yi, amma ni ma sun canza min wani abu. Da can in na ga Buzu, mai gadi kawai nake gani da rawani da butar shayi. Wani dare na dawo daga Illela, na tsaya a garejin da nake kwana, waƙar Tinariwen na tashi a mota. Dattijon da ke gadin wurin, wanda shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ya taso ya dafa ƙofar motar ya yi shiru har ta ƙare. Ya ce in maimaita. Shi ya gaya min kalmar da suke yawan faɗa, assuf, kewa ce, irin ta wanda ya bar gida bai san ranar komawa ba. Shi ya ce min sunan ƙungiyar ma jam'in tenere ne, wato hamada. Daren nan na sha shayi zagaye uku, na ji labarin raƙuman da fari ya kashe masa. Yanzu in zan wuce sai na saya masa sukari.

Telan Tawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka, jiya bayan isha'i na kai shi gaban Inna ya faɗa da bakinsa. Ta yi kuka, ta ce ita dai kada ya bar sallah kuma kada ya kwana a waje.

Mai Jitar Agadas, na duba yatsun. Kanta ce kamar tafin ƙafar manomi. Shekara uku ke nan wai yana zuwa wurin wani Ba'abzine mai gyaran babur, ni ina nan ina cewa ƙwallo yake tafiya.

Mun yi da shi zai riƙa zama a kekena daga safe zuwa azahar har ya biya kuɗin wanda ya sayar, yamma tasa ce. Har an kira su wani biki ranar Asabar, ni ne ma na ɗinka kayan angon. Sai dai tsirkiyar ƙasa ta tsinke masa ɗazu, mun zagaye kasuwa ba mu samu ba. Akwai mai zuwa Tawa daga Agadas ko Yamai kafin Juma'a?