Goge zanen waifa a gilashin mota da garin seriyam

Direban doguwar hanya: Assalamu alaikum. A hunturun bara na kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, ta bar mini zane kamar baka a gilashin gaba, wanda da dare yake watsa mini hasken motocin da ke tahowa. An ba ni shawarar garin seriyam oksaid, wani sinadari da ake goge gilashi da shi, shi ya sa nake son jin ta bakin waɗanda suka taɓa aiki da shi.

Mai aikin gilashi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sayi komai, ka bi zanen da farcenka, domin idan farcen ya maƙale to zurfinsa ya fi ƙarfin garin. Idan kuwa ya wuce sumul, nakan wanke gilashin tas, in dama garin da ruwa ya yi kaurin koko, sannan in goga da injin hannu mai juyawa a hankali ina yayyafa ruwa. Garin ba ya narkewa a ruwa, kwanciya yake yi a gindin kwano, don haka sai ana motsawa. Ƙwayar yashi guda ta taɓa shiga tsummana, ta yi mini zanen da ya fi wanda na zo cirewa muni.

Malamin kimiyya: Ni kuskurena shi ne na gwada shi a kan tabarauna, alhali na roba ne, ya cinye shafen da ke samansa ya bar shi dishi-dishi. A kan gilashin gaske kuwa, aikin garin bai tsaya ga kankarewa ba: idan akwai ruwa yakan kama silikar da ke fuskar gilashi, wato sinadarin yashi da ake yin gilashi da shi, ya ɗauke ta kaɗan-kaɗan, abin da ya sa ya ture jan garin ƙarfe da masu yin madubi suka daɗe suna amfani da shi. Tun 1803 aka gano seriyam a Suwidin da Jamus, kuma yana cikin wani ma'adini mai suna monazait da ake samu a ragowar kuzar Jos, ko da yake yawancin na kasuwa daga Sin yake fitowa.

Mai tasi: Alhaji, ka kiyayi tsayawa wuri guda. Na nace wa wani zane har gilashin ya ɗau zafi, zanen ya tafi, amma wurin ya lotsa, yanzu idan na duba ta nan sai in ga turakun lantarki sun karkace.