Wace kalma ce za ta ɗauki "asunder"?

Jama'a, ku taya ni. Ina fassara wani tsohon rubutun Turanci, na ci karo da "asunder". Na sa "rabuwa", amma ta ƙi zama.

Kalmar ta tsufa, ba a jin ta a hirar yau da kullum. Daga tsohon Ingilishi ta fito, "on sundran", wato a ware, kowa gefensa. Danginsu ɗaya da "sondern" ta Jamusanci, da "sundry" mai nufin iri-iri. Coci ne ya hana ta mutuwa: tana cikin littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549 wajen ɗaurin aure, tana kuma cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, Matiyu 19:6, a fassarar Turanci ta 1611 mai ɗauke da sunan Sarki James, inda aka ce abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba.

— Malam, ai ka ba kanka amsa. "Raba" ke nan, a wuce wurin.

— A nan ta wadatar, ranka ya daɗe. Amma a rubutun da ke gabana ƙasa ce yaƙi ya yi wa haka. "Asunder" kuma ba suna ba ce, bayanau ce, yadda abin ya rabu take faɗa: abu ɗaya ne aka yage da ƙarfi. "Raba" kuwa har goro ana rabawa.

— To "baran-baran" fa?

— Na so ta ƙwarai. Sai dai baran-baran na mutum biyu ne da suka rabu ba daɗi. Dutse ba ya baran-baran.

— Yaya, in itace ne ko dutse, ka ce ya tsage gida biyu. In jama'a ce, "ɗaiɗaita".

— Yauwa ƙanwata, kin kawo ta! Dubi ma ginin kalmar: ɗai-ɗai, kowa shi kaɗai, kusan hoton da "on sundran" ke ɗauke da shi. Tana da nauyi a baki kuma, ba a ɗaiɗaita abin wasa. Na gwada "tarwatsa", amma ita har kasuwa ruwan sama kan tarwatsa, gobe ta sake ci. Abin da aka ɗaiɗaita da wuya ya koma yadda yake.

Na rubuta: yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasar. Ayar aure na bar mata "raba" ɗinta.