Musayar waƙa: yaron da ke wanke mana tukunya

Ɗan Yelwa:
Salam 'yan uwa, yau ni zan buɗe fili. Maganar yaran nan ce da ke yawo a hostal da gidajen hayar ɗalibai na Yelwa da Gwallameji a nan Bauchi, almajirai masu wanke-wanke da ɗiban ruwa da kuma 'yan talla, kullum tsallake su muke mu tafi lakca kamar ba mu gan su ba. Mai amsawa ya amsa da baiti don Allah.

Bismillahi da shi nake farawa,
Kan yaron da muke ta aikawa.
Tun asuba ruwa yake ɗebowa,
Jarka biyu, ƙafa tana rawa.
Tukunyar jiya shi ke kankarewa,
Ƙanzon ciki shi ne abin karyawa.
Shekarunsa goma ba sa kaiwa,
Ko sunansa ba ma tambayawa,
"Kai almajiri!" muke ƙwalawa,
Mu saɓi jaka muna wucewa.

Ɗan Misau:
Baiti ya yi daɗi mutumina amma wlh sai na ja da kai.

Malam ka zo da zance mai ɗaci,
Amma ka tsallake batun abinci.
In na kore shi wai don mutunci,
Wa zai ba shi abin da zai ci?
Ni ma ɗalibi ne cikin ƙunci,
Garin kwaki nake jiƙawa in ci.
Ɗari biyun da na ba shi da aminci
Ta fi bara a Wunti da wulaƙanci.
Ba ni na raba shi da zumunci ba,
Je ka tambayi uban da ya yi sakaci.

'Yar Azare:
Yaya Ɗan Misau N200 fa ka ce, kayan sati guda har da wandon jins, kai ma ka san nawa mai wanki da guga zai caje ka shi ya sa ba ka kai masa ba. Ni dai ta 'yan matan nan ce ta fi tsaya min a rai.

Yarinya da robar awara a kanta,
Tun hantsi rabonta da gidan uwarta.
Sa'anninta na aji, ita an hana ta,
In ciniki ya yi kwantai a dake ta.
Wani ya ci bashi, wai gobe zai biya ta,
Semesta ta ƙare ya gudu ya bar ta.
Wani daga ɗaki yake yafito ta,
Wai ta shigo ciki ya ba ta kuɗinta.
Wannan ba ciniki ba ne, cuta,
Mai ƙanwa a gida ya tuna da ita.

Mai Furojet:
Ku yi haƙuri in ɗan saka zube kafin baiti tunda a kan wannan nake rubuta furojet ɗina. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 sashe na 30 ta hana a sa yaro talla ko bara, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, sannan tun 2002 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) masu lamba 138 da 182 kan aikatau ɗin yara. Duk da haka binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) ta yi a 2022 ya nuna wajen kashi 39 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 zuwa 17 suna cikin irin wannan aikin, sama da miliyan 24 kenan. A 2023 ma an kafa hukuma guda ta tarayya don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. 12 ga Yuni ita ce ranar yaƙi da bautar da yara ta duniya amma mu nan ranar dimokuraɗiyya kawai muka sani, hutu muke ci.

Doka tana nan cikin takarda,
An sa hannu, kowa ya yarda.
Mu da muka haddace mu ne shaida,
Mun ci maki mun ture ta gefe guda.

Ɗan Yelwa:
Hhh Mai Furojet baiti huɗu zube buhu guda, an yafe maka saboda lambobin.

Tsohon Almajiri:
Tun ɗazu nake karantawa ina shiru, toh bari mai abin ya yi magana.

Ni ne yaron, ku ji zancena,
Na zo Bauchi da allo a hannuna.
Omo da toka sun ci yatsuna,
Hunturu ya tsattsaga ƙafafuna.
Waya ta ɓata aka shaƙe wuyana,
Aka gan ta a gado bayan an fasa bakina.
Sai wani ɗalibi ya tambayi sunana,
Ya rubuta shi da gawayi a gabana.
Bayan kwalin indomi ne littafina,
Bayan la'asar shi ne malamina.
Ya je tsangaya ya roƙi alarammana,
Safe firamare, dare ga allona.
Yau lakca nake shiga da ƙafafuna,
Ina ganin ƙannena da irin kwanona.

Ɗan Misau yana da gaskiya a abu ɗaya, kora ba magani ba ce, ranar da masu gadi suka hana mu shiga get da yunwa muke kwana kuma ba makaranta muke tafiya ba, tasha muke komawa. Amma ɗan uwa ka daina kiran abin taimako, aiki ya yi maka ka biya shi kuɗin aiki, ragowar shinkafa da ta fara tsami ba lada ba ce. Kuma a daina aiken yaro sayen sigari ko kati ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana tsallaka titi. Wanda ya koya min ɗin nan ba mai kuɗi ba ne, shi ma gari yake sha, abin da ya yi kawai ya cire takalmi ya durƙusa gaban malam ya nemi izini, da ya je da gadarar boko da ko ƙofa ba zai wuce ba. Alhamis da Juma'a ba a karatun allo, in da gaske kuke son koya musu boko ga ranakun nan.

Ɗan Misau:
Allah ya ja da ran gardi, ka ɗaure ni da jijiyata.

Na ji na ɗauka ba da gardama ba,
Kuɗin wanki zan ƙara, ban ƙi ba.
Lissafi kam ba a fi ni ba,
Alhamis zan zo, amma ban ce kullum ba.

'Yar Azare:
Madalla, amma kun sake mantawa da nawa yaran, su ba su da Alhamis ba su da Juma'a.

Almajiri kun samo masa rana,
Mai awara fa, ku ba ni amsana.
Uwarta da ribar take saye gawayi,
In ta zauna aji wa zai cike gurbi?

Na san amsa-amo ya karye a ƙarshe ku bar ni haka. Ni da 'yan ɗakinmu za mu bi yarinyar gida ranar Asabar mu gaida mamanta mu ji nawa take samu a roba ɗaya, in abin da za mu iya saye gaba ɗaya ne da safe ta wuce makaranta toh. Mai Furojet kai da ka iya lissafin miliyoyi, mutum nawa za su haɗa kuɗin roba guda kullum?