Mene ne ma'anar "stepping on my toes" a wurin aiki?

Ɗan_Zariya: Assalamu alaikum. Idan Bature ya ce wa abokin aikinsa "you're stepping on my toes", me yake nufi? Ya yake da bambanci da "my turf"?

Malam_Turanci: Wa alaikumus salam. Ba yatsun ƙafa ake nufi ba, ka shiga huruminsa ke nan, wato ka taɓa aikin da aka damƙa masa ba tare da ka tuntuɓe shi ba. Sau da yawa ba da gangan ake yi ba. Shi ya sa ake cewa "I don't want to step on anyone's toes" kafin a kawo shawara. A Ingila za ka ji "tread" maimakon "step".

Hajiya_Fassara: Malam ya faɗi daidai. "Turf" kuwa asalinta ciyawar da ake shimfiɗawa a fili ce, sai 'yan daban biranen Amurka suka mayar da ita unguwar da suke iko da ita. Tana da zafi, kada ka faɗa wa maigidanka a ofis. "Muscle in" kuma kutsawa ce da ƙarfin tsiya.

Malam_Turanci: Hajiya, a fassarar "stepping on my toes", "shiga gonar wani" ta fi dacewa.