Madabod ya hana ni rage wa furosesa boltej, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon haɗa bidiyon biki a Birnin Kebbi, furosesar kwamfutata, wato ƙwaƙwalwarta, Intel i5-13600K ce a kan madabod B760, wato allon da komai ke haɗe a kai. Tunda zafin Afrilu ya kankama, da na sa ta fitar da bidiyo sai ta kai digiri 100, fanka na ta kuka kamar injin markaɗe, batirin sola kuma ba ya kai ni isha'i. An ce in rage boltej, wato ƙarfin wutar da ke shiga furosesa. Na buɗe XTU, manhajar Intel ta saita furosesa, wurin rage boltej ba ya ma taɓuwa. Na shiga BIOS, wato shafin saitin bod, na rage bolt 0.050, zafi ya sauka, amma aikin minti 20 ya koma kusan 30. Bod ɗin ne ya samu matsala? Da ita nake ci da iyali, ku taimaka.

Mai Gyara, Gusau: Wa alaikumus salam. Malam, bod ɗinka lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi. A Disamba 2019 masu bincike suka fallasa Plundervolt, wato satar bayanan sirri ta hanyar rage boltej da manhaja, daga nan Intel ya soma kulle wannan ƙofa. Cikakken iko sai a bod mai Z, irin Z690 da Z790. Nauyin da ka gani kuwa aikin CEP ne, wata kariya da ke cikin furosesa. Idan furosesa ta ga wutar ba ta kai yadda take tsammani ba, sai ta ja wa kanta birki, kai kuma kana ganin lambobin gudu kamar ba abin da ya canza.

Ɗan Jega: Yaya, mayar da 0.050 ɗin yadda yake. Wannan furosesa tana jan har wat 181. Nemi PL1 da PL2 a BIOS, wato iyakar wutar da za ta ja, ka sa su wat 125, asarar gudun kaɗan ce. In kana son ƙari, rage AC Loadline, saitin da ke shafar boltej ɗin da furosesa ke nema, mataki-mataki, a bod na MSI sunansa CPU Lite Load. Kowane mataki ka gwada da Cinebench, manhajar auna gudun furosesa, da maki ya faɗi ka koma na baya.

Malamar Kwamfuta, Argungu: Za a ce maka ka koma tsohon maikurokod 0x104, wato umarnin furosesa da ke zuwa cikin BIOS, don kullen ya buɗe. Don Allah kar ka yi. Gyaran 0x12B na 2024 an fitar da shi ne saboda boltej mai yawa da ke lalata furosesocin Intel 'yan ƙarni na 13 da 14, irin taka. Sabunta BIOS, amma sai batiri ya cika, kar wuta ta yanke ana tsaka. Yaushe rabonka da buɗe akwatin?

Mai tambaya: Malama, kin gano ni. Na buɗe, ƙurar hunturu ta yi dam a bayan fanka kamar auduga. Na hure ta, na sa 125, yanzu tana tsayawa a digiri 84, bidiyon ya fita a minti 22. Allah Ya saka da alheri. Ɗan Jega, in na sabunta BIOS, saitin nan zai goge ne?